Yaro Yana Cikin Aji, Darasi Yana Wuce Shi

Matanin lacca ga malaman firamare da iyayen yara na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan



A watan Yunin 1994 wakilan gwamnatoci 92 da na ƙungiyoyin duniya 25 suka yi zama a birnin Salamanka na ƙasar Sifaniya, bisa gayyatar hukumar UNESCO da gwamnatin ƙasar. Matsayar da suka tashi da ita ita ce makarantar da ke kusa da gidan yaro ta karɓe shi ko yaya Allah ya halicce shi, makaho ne ko kurma ko gurgu, mai kaifin kai ne ko mai jinkirin fahimta, ɗan makiyayi ne ko ɗan mai gari. Makarantar ce za ta gyara kanta ta dace da yaron. Tun daga lokacin masana ke ta bincike a kan ko maganar nan tana ci in an kai ta aji, kuma shekara talatin da 'yan kai sun isa a tara abin dubawa. Abin da ya shafi zauren nan shi ne wanne daga cikin binciken zai amfani hedimasta a Paki ko Gimi ko Likoro, mutumin da yara suka cika masa aji har bakin ƙofa, ga allo ɗaya ga guntun alli.

Ta fuskar doka an gama magana. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ce karatunsu kyauta ne har ƙarshen sakandare, kuma kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su. Dokar ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021. Kowa a nan ya san makarantar garinsu, ba sai an tambaye shi ko gyaran ya iso ba.

Tsarin da aka gada na ware yara ne. Mishan ne suka buɗe makarantar makafi ta farko a Nijeriya a Gindiri a 1953, daga baya gwamnatoci suka gina nasu, irin ta Tudun Maliki a Kano da makarantar ilmi na musamman da ke birnin Kaduna. Makarantun nan sun yi abin a yaba, sun yaye malamai da ma'aikatan gwamnati. Amma a duba lissafin manomin rake a Gazara mai 'yar shekara bakwai da ba ta gani. Sai ya ɗauke ta ya bi ta Zariya har Kaduna, ya bar ta kwana a hannun mutanen da bai sani ba, ga kuɗin mota duk hutu. Ko shi ya yarda, uwarta ba za ta yarda ba. Ƙarshenta yarinya ta zauna a ɗaka, ko a haɗa ta da ƙaninta ya zama ɗan jagora ranar kasuwar Makarfi. Ƙanin nan idonsa garau, amma shi ma makaranta ta rasa shi.

Ƙasar Hausa ba ta jefar da waɗannan bayin Allah ba, gaskiya ne. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, a Kano har Sarkin Bebaye, kowa da jama'arsa da hanyar kai kukansa fada. Sai dai tsarin ya tanadar musu sarauta da sadaka, bai tanadar musu benci a makarantar boko ba. Alhali ɗalibin Islamiyya ya san Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya yi ladanci, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sha bar masa riƙon Madina in zai fita.

To me binciken ya gano? Tsoron farko da iyaye kan furta shi ne yaro mai lalura zai ja wa sauran baya. A 2007 Afroditi Kalambouka da abokan aikinta na Jami'ar Manchesta suka tattara bincike 26 da aka yi a kan wannan tambaya, suka tarar kashi 81 cikin 100 na sakamakon ya nuna ko dai sauran yaran sun ƙaru, ko kuma babu abin da ya ragu a karatunsu. Wannan tsoro ke nan ba shi da ƙafar tsayawa sosai. Amma a 2022 wasu masana a ƙasar Denmak, ƙarƙashin Nina Dalgaard, suka juyo da tambayar kan shi yaron mai lalurar. Suka tace binciken da aka yi, suka riƙe mafi inganci, ba su ga wata hujja mai ƙarfi cewa zama a ajin kowa da kowa, shi kaɗai, yana ɗaga karatunsa ko lissafinsa ko yana sauke su ba. Masu fafutukar haɗa yara aji ɗaya ba za su ji daɗin wannan ba. Mai laccar nan kuwa yana ganin wannan binciken ya fi duk sauran amfani, don ya nuna rubuta sunan yaro a rijista ba ya koya masa kome. Abin da malami ke yi da shi bayan ya zauna shi ne ke raba gardama. A kuma tuna yawancin binciken nan a Turai da Amurka aka yi shi, inda aji ba ya cika wuce yara talatin.

Akwai wani darasi mai ɗaci daga Ingila. Gwamnatinsu ta zuba maƙudan kuɗi ta ɗauki mataimakan malamai, galibi don su zauna kusa da yara masu rauni. Farfesa Peter Blatchford na Cibiyar Ilmi ta Landan ya jagoranci bincike na shekaru, ya bi ɗalibai sama da 8,000, aka fitar da sakamako a 2009. Yaran da suka fi samun mataimaki su suka fi jinkirin ci gaba, ko bayan an cire lissafin raunin da suka zo da shi. Da aka shiga azuzuwan aka zauna, sai dalili ya fito fili: malami yakan sakar wa mataimaki yaron gaba ɗaya, ya ci gaba da masu ganewa, sai ya zama wanda ya fi kowa buƙatar gwani shi aka bar wa wanda ya fi ƙarancin horo. A nan babu kuɗin mataimaki, amma halin yana nan. “Monita, je ka nuna masa.” Ko kuma, “Kai dai zauna can baya, kada ka dame mu.”

Yaron da ke can baya shi ne kan maganar yau, don ya fi wanda ke gida yawa a wasu wuraren, kuma ba a ƙirga shi. A 2021 UNICEF ta fitar da ƙiyasin cewa yara kusan miliyan 240 a duniya suna da wata lalura, wato ɗaya cikin goma, kuma haɗarin kada su taɓa shiga makaranta ya fi na sauran da kashi 49 cikin 100. Adadin ya haura na baya ne saboda an canza yadda ake tambaya. A da mai ƙidaya kan tsaya a ƙofar gida ya ce, “Akwai naƙasasshe a gidan nan?” Amsar kowa ya san ta: “A'a, Allah ya kiyaye.” Tun 2016 aka fito da jerin tambayoyi da ake yi wa uwa: yaron nan yana shan wahalar gani? Yana ji in an kira shi daga nesa? Yana iya tafiya kamar tsararrakinsa? Yana riƙe abin da aka koya masa? Uwar da ba za ta taɓa kiran ɗanta da wancan suna ba, sai ta ce, “Wallahi kuwa, sai an yi ta kira kafin ya juyo.”

Kuma ƙasar nan tana da nata dalilan na yawan irin waɗannan yara. Tana cikin yankin sanƙarau. Annobar 1996 kaɗai ta kashe mutum sama da 11,000 a Nijeriya, galibi a Arewa, kuma cikin waɗanda kan tashi daga ciwon akwai masu rasa ji. Ƙyanda kan taɓa ido, musamman ga yaron da abincinsa bai wadata ba. Kunne mai fitar da ruwa, wanda ake toshewa da auduga a ce zai wuce, yana cin ji a hankali. Zabiya ba fata kaɗai ke damunsa ba, idonsa ma ba ya kai allo. Mai amosanin jini kan yi mako biyu a kwance lokacin hunturu, ya dawo ya tarar an wuce babi uku. Mai farfaɗiya kuwa in ta kayar da shi aji kan watse, don an gaya wa yara ana ɗauka ta yawu, alhali ba a ɗaukarta ta kowace hanya. Da yawa daga waɗannan yara a bakin malami sunansu ɗaya, daƙiƙai, kuma bulala ce maganin da aka fi ba su.

Gano su ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikatan ido suna da wani kwali mai ɗauke da harafin E, manya a sama ƙanana a ƙasa, ƙafafun harafin wani sun dubi sama, wani ƙasa, wani dama, wani hagu. A rataye kwalin a jikin bango inda haske yake, a auna mita 6, a ja layi a ƙasa. Yaro ya tsaya a layin, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, malami ya nuna harafi da tsinke, yaro ya miƙa yatsu uku ya nuna inda ƙafafun suka fuskanta. Ba sai ya iya karatu ba, ɗan aji ɗaya ma zai yi. Wanda ya fara ƙanƙance ido, ko ya karkata kai, ko ya saci taku ɗaya gaba, a rubuta sunansa. Na kunne kuma malami ya tsaya bayan yaro, tazarar tsawon hannu, yaro ya toshe kunne ɗaya, malami ya raɗa lambobi, uku, tara, biyar, yaro ya maimaita. Wannan ba aikin likita ba ne, tankaɗe ne kawai don a san wanda za a tura asibiti, kuma jihar nan ce ke da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Tun kafin a kai ga asibiti ma, dawo da yaro bencin gaba da ƙara girman rubutu a allo ba sa cin ko kwabo.

An gwada amfanin wannan a yammacin ƙasar Sin. Xiaochen Ma da abokan aikinsa suka duba idon yara kusan 20,000 a makarantun firamare 252 na karkara, suka samu sama da 3,000 masu buƙatar tabarau, amma kashi 15 cikin 100 ne kacal ke da shi. Suka raba makarantun ta ƙuri'a, wasu aka ba yaransu tabarau kyauta, wasu aka ba su takardar likita kawai. A ƙarshen shekara waɗanda aka ba tabarau suka fi cin jarrabawar lissafi. An buga sakamakon a mujallar likitoci ta Birtaniya a 2014. Wani abin lura, ko a can ma da yawa daga yaran da aka ba kyauta ba su riƙa sakawa ba, don akwai masu ganin tabarau yana ƙara lalata ido. A nan kuma cewa za a yi na tsofaffi ne ko na 'yan yanga, don haka sai malami ya tsaya wa yaron a gaban abokansa. Jihar Kaduna da ta iya yi wa malamai kimanin 33,000 jarrabawa a 2017, har ta ce 21,780 ba su ci ba, ba za ta gagara duba idon 'yan aji huɗu ba.

Sai yaron da idonsa lafiya, kunnensa lafiya, yana aji biyar amma bai iya haɗa baƙi ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe da fito da wata hanya, kuma Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, suna cikin waɗanda suka gwada ta sau da dama suka ga tana aiki. Malami kan zauna da yara ɗaya bayan ɗaya, ya ga wane ne bai san harafi ba, wane ne ya tsaya a harafi, wa ya kai kalma, wa ke karanta gajeren labari. Daga nan a ware wani lokaci kullum a raba su rukuni bisa inda kowa ya tsaya, ba bisa ajinsa ko shekarunsa ba, da zarar yaro ya ƙware a matsar da shi gaba. An kawo tsarin Jihar Kano a 2019, aka fara da ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da harshen Hausa.

Wanda ya taɓa zama gaban alaramma zai yi murmushi, don makarantar allo haka take tun kaka da kakanni. Yara hamsin a zaure ɗaya, wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na gefe ya kai izu goma, kowa da allonsa. Ba a wanke wa yaro allo don shekara ta zagayo, sai ya biya malam ya ji. Shi ya sa makaho ya samu wuri a can, har ƙasar nan ta cika da makafi mahaddata. Makarantar boko ce ta zo da manhajar da ke gudu da ƙafar ɗan gaba, ta kwashi kowa zuwa aji na gaba ko ya gane ko bai gane ba.

Akwai inda taken “kowa a aji ɗaya” ke yin tuntuɓe, kuma gara a faɗa. Wurin kurame ne. Constanze Schmaling, wata masaniyar harshe daga Jamus, ta zauna da kuramen Kano shekaru, ta buga littafinta mai suna Maganar Hannu a 2000, inda ta nuna cewa abin da suke yi da hannu cikakken harshe ne mai ƙa'idojinsa, kuma masu ji da yawa a kasuwa suna taɓa shi. Makarantun kurame kuwa wani harshen hannun suke koyarwa, mai tushe daga Amurka, wanda ya shigo ta hannun irin su Andrew Foster, baƙar fatan Amurka kurma da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Yanzu a ɗauki kurma ɗan shekara takwas a Hunkuyi, a zaunar da shi shi kaɗai cikin masu ji tamanin, malami yana magana ya juya wa aji baya yana rubutu. Yaron nan bai samu Hausa ba, bai samu Turanci ba, bai samu abokin hira ba. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne a zaɓi makaranta ɗaya a gunduma a tara kuramen yankin, a ba su malamin da ya iya maganar hannu, a ɗauki wani babban kurma na garin ya riƙa taimakawa, su yi wasa da taron safe da sauran yara, da yamma kowa ya koma gidan ubansa. Malaman suna nan, Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da kwalejin ilmi na musamman ta Oyo suna yaye su duk shekara, sai dai sau da yawa in an ɗauke su aiki wani darasin dabam ake ba su.

Masu lalurar ƙafa matsalarsu ta fi fitowa fili, amma ita ma ana kallonta sama-sama. Elisha Renne ta Jami'ar Mishigan ta yi bincikenta na shan inna a Zariya, ta buga shi a 2010, ciki har da rayuwar waɗanda cutar ta bari da gurgunta. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a Agustan 2020, amma wahalar haihuwa da shawarar jarirai da hatsarin babur ba su daina kawo irin yaran nan ba. In an ce gyara sai a zuba siminti a ƙofar ofishin hedimasta, tudun ya miƙe tsaye ta yadda ko ƙato ba zai tura keke a kai ba. Ba a kan leƙa bayan gida. Yaron da ke tafiya da hannu, ya zura silifa a tafukansa, shi ne zai ja jiki ya shiga masan da yara ɗari uku suka riga shi, da hannun da zai ci abinci ya riƙe fensir. Wasu kan ƙi shan ruwa tun safe don kada su buƙaci shiga. Yarinya kuwa da ta fara girma sai ta daina zuwa, a rubuta cewa iyayenta ne ba sa son boko.

Ba lalurar jiki kaɗai ke tsare ƙofa ba. Ɗan Fulani da ya zo da Fulatanci yana jin baƙunci a ajin da ake Hausa da Turanci, ko da yake hukumar ilmin makiyaya da aka kafa a 1989 a Kaduna hedikwatarta take. Lokacin tumatir a Ikara da Kudan talla da aikin lambu kan kwashe rabin aji. Cibiyar Ilmin 'Ya'ya Mata ta Zariya ta nuna a ƙauyukan da ke kewaye cewa in aka tara 'yan mata da wata babbar yaya mai koya musu karatu bayan an tashi, iyaye kan bar su su daɗe a makaranta, don suna ganin karatun da idonsu.

Kayan aikin da za a fara da su suna kusa. Tun zamanin shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 kuma Kaduna na cikin jihohinsa shida, aka ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu, ga mai unguwa ga liman ga mata a ciki. Mai unguwa ya san gidan da ake ɓoye yaro, ungozoma ta fi shi sani. Makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris tana nan cikin Makarfi, ɗalibanta suna neman inda za su yi aikin gwaji, makarantun firamare kuma suna neman mai duba ido da kunne. Ƙungiyar Sightsavers, wadda ta daɗe da ofis a Kaduna, ta gwada shigar da yara masu lalura makarantun gwamnati a ƙaramar hukumar Jama'a, ana iya aika malamai su ga yadda aka yi.

Saura masu bincike na gida. Duk shekara ɗaliban ilmi a Zariya suna rubuta kundin kammala karatu, da yawa a kan ra'ayin malamai game da haɗa yara aji ɗaya: a raba takardar tambayoyi, malamai su ce sun yarda, a ɗaure kundi a ajiye a kanta. Ra'ayi an ji shi. Binciken da zai amfani ƙasar nan shi ne ɗalibi ya zaɓi makarantu a Auchan da Mayere da Doka, ya gwada ido da kunne da karatun 'yan aji huɗu a farkon zango, a wasu makarantun a canza wurin zama a raba rukuni, a wasu a jinkirta sai zango na gaba, ya riƙa leƙawa har ranar kasuwa da lokacin girbi, a ƙarshe ya sake gwadawa. Sakamakon kuma a rubuta shi da Hausa a shafi biyu, a kai wa sakataren ilmi da kwamitin kowace makaranta kafin a kai wa mai duba kundi.